Tarin Injin Baba Alu

Abin da na zuba a cacar rayuwa ba shi da yawa, amma shi ke nan abin da na mallaka: sunan mahaifina, wanda ya yi dako a kasuwar Wurno har ya rasu ba a taɓa cewa ya ɗauki allurar wani ba, sai lafiyar jikina, sai yardar mutane. Samari, ku ji yadda na zubar da su, da abin da na iya tsintowa.

Ni ɗan ƙwadago ne a da. Da rani nakan tafi fadamun Goronyo aikin albasa, dashe da ban-ruwa da ɗurin buhu. A nan wani abokin aiki ya ba ni ƙwaya, ya ce in na sha ba zan ji rana ba. Gaskiya ya faɗa, ban ji rana ba. Daga baya maganar kowa ma na daina ji. Da ladar aiki ta kasa riƙe ƙwaya sai na fara kwance fulogi daga injinan ban-ruwa, na koma yankan tiyo, daga nan na ce mi zai hana in ɗauke injin gaba ɗaya. Ranar Juma'a nake aikina, idan manoma sun tafi masallaci. In cusa inji a buhu, in ɗaure bayan babur kamar mai kai kayan miya.

Na ƙarshe da na ɗauka na wani tsoho ne, Baba Alu. Na yi nisa da shi har kasuwar Gandi, don kada in haɗu da idon sani. Mai saye ya ce in tada shi ya ji. Na ja igiya, injin ya yi tari sau biyu, ya yi shiru kamar ya mutu, sannan ya kama. Ashe tsohon yana bin kasuwanni tun da albasarsa ta fara yaushi. Sai na ji hannu a kafaɗata.

"Yaro, wanga tari na san shi. Injina na."

Na ce, "Haba Baba, inji ai duk iri ɗaya na."

Ya ce, "Kai ba ka gane muryar uwarka cikin mata?"

Kasuwa ta fashe da dariya, dariyar da ta hana a lakaɗa mini duka. Alƙali kuwa bai yi dariya ba.

Farkon zamana a gidan gyaran hali na zaci mutuwa zan yi. Jiki na rawa, gumi, ga ciwon gaɓoɓi. Na gaya wa malamin asibitin gidan cewa jifa aka yi mini. Ya ce, "Ba wanda yaj jefe ka, kai ka jefi kanka. Jikinka ne ke kukan abin da ka saba mai. Bari shi yi kukanai, shina gajiya." Yakan tara mu, mu masu ƙwaya, kowa ya faɗi nasa ba kunya. Magani wani lokaci akwai, wani lokaci babu, amma zaman bai taɓa fashi ba. A hankali na fara jin daɗin tuwo, na fara barci irin na mutane.

Da aka zo rabon sana'a aka tambaye ni wadda nake so, na ce gyaran inji. Gandiroba ya ce, "Daidai na. Ya san nauyinsu, saura cikinsu." Mai koya mana, Malam Sani, tsohon bakanike ne mai faɗa. Ba ya barin ka taɓa sifana sai ka rufe ido ka saurari inji ka faɗi ciwonsa. Ran da ya ji abin da ya kawo ni, ya ce, "To, kunnen tsoho ya kama ka. Yi kunne irin nashi ka ci abinci."

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba kowa gidan ke gyarawa ba. Akwai wanda muka koyi aiki tare, ya fita, kafin in fita ya dawo yana gaishe mu kamar wanda ya je ƙauye. Sana'a a hannu ba ta isa, sai an sami wanda zai ba ka aikin. Wannan na gane da na fito. Na yi rumfa a Goronyo, na jera sifanu, na zauna. Wa zai kawo wa ɓarawon inji injinsa? Masu wucewa har cewa suke, "Mai gyara, in an kawo, Gandi za mu zo amsa?" Tsofaffin abokaina kuwa suna nan, ƙwayarsu na aljihu. Na san in zaman banza ya yi tsawo, wurinsu zan koma.

Sai na rufe rumfa, na zuba kayan aiki a jaka, na shiga fadama da ƙafa ina cewa, "Gyara a gaban mai shi!" Kowa ya ji ya kau da kai. Wanda ya fara kirana shi ne Baba Alu, yana nuna mini injin nan nasa.

"Zo nan, ɗan banza. Ka san shi, ya san ka. Ya ƙi jan ruwa."

Ya zauna a kan kunyar gona da sandarsa yana kallon hannuna. Na saurara, na wanke kabureta, na sauya robar famfo, ruwa ya taho har ya jiƙa masa wando. Na ce, "Baba, tarin ga ma ina iya kashe shi, abu kaɗan na."

Ya ɗaga sanda. "Mi? Kak ka taɓa min shi! Shi ne mai gadina."

Maƙwabtansa da suka taru kallo suka yi ta dariya, ɗaya ya ce in leƙa nasa in na gama. Manoma suka ga ribar abin: ba ɗaukar inji zuwa gari, albasa ba ta kwana da ƙishi. Yau ina da shagon injina da kayan gyara, ina kai kaya har Magarya da Rabah. Duk wanda ya sayi inji wurina nakan nuna masa inda zai ɗaure sarƙa, don na san inda nake fara dubawa a da.

Ku da ke aikin fadama, in an miƙo muku abin da zai hana ku jin rana, ku ce kun gode, ku nemi inuwa. Wanda kuma ya riga ya faɗa, ya tafi asibiti da ƙafarsa, kada ya jira sai alƙali ya kai shi. In ɗan'uwanku ya fito da sana'a, ku ba shi aiki ko da kuna tsaye a kansa da sanda.

Na yi asarar shekarun da sa'o'ina suka yi aure suka gina ɗaki, waɗannan ba su dawowa. Lafiya ta dawo. Sunan mahaifina ina kan wanke shi. Yarda kuwa, ranar Juma'a yanzu Baba Alu kan ajiye injinsa a shagona, mu tafi masallaci tare. Har yau injin yana tari, ban taɓa shi ba.