Mai Hoton Ƙwari na Tibar

Da yayata Shadliyya ta rasu, an nemi hotonta a gidan mai hoto an rasa. Mijinta Munji shi ne mai hoton garinmu Tibar tun ina saurayi. Babu amaryar da bai ɗauka ba, babu sojan da ya tafi aiki bai fara zama a kujerarsa ba, amma matar da yake ci daga hannunta bai taɓa juya mata kyamara ba. Abin ya ƙona mini rai, kuma ban ɓoye masa ba.

'Yarsu Najwa ce ta tayar da maganar. Ta zo sadakar arba'in daga Marsiliya ta ƙasar Faransa da tsohon ciki, ta ce ba za ta koma jirgin ruwa ba sai da fuskar uwarta, don abin da za ta haifa ya san kakarsa. Aka miƙa mata katin shaidar marigayiyar. Ta dubi hoton, fuska a murtuke, hatimi ya cinye rabin kunci, ta ce wannan ba uwarta ba ce, wata mata ce da ɗan sanda ya tsorata. Ta yi gaskiya, don Yaya ko faɗa take yi bakinta na dariya.

Shi Munji hoton mutane tuwonsa ne kawai, zuciyarsa tana wurin ƙwari. Yakan cire gilashin kyamara ya juya shi baya-gaba ya naɗe da tef, sai kan kudan zuma ya cika hoto kamar kan rago. Asubar fari yake fita, lokacin da sanyi ya kama ƙwari ba sa iya tashi, ya kwanta rub da ciki a ƙarƙashin ɓaure da rigarsa ta kirki. Idan lokacin rataya ɓauren daji ya yi, manoma suna saƙala shi a rassa don 'yan ƙwarin cikinsa su shiga ɓauren gida ya nuna, shi yana can yana jiran ɗaya ta leƙo daga rami. A gidan gahawa ana ce masa limamin tururuwa, saboda yawan sujuda a ciyawa. Ni kuwa da nake ƙanin matarsa, ina da lasisin tsiya, nakan tambaye shi ko fara ta biya kuɗin hotonta.

Aikin yana da maƙiyi ɗaya, iska. Ya sha gaya mini cewa gilashin da aka juya ba ya gani sai abin da bai wuce kaurin gashi ba, duk abin da ya gota gaba ko baya sai ya zama dishi-dishi. Fure ya ɗan motsa, fim ya tafi a banza. Don haka Yaya take binsa. Ta tsaya ta inda iska ke busowa, ta buɗe shuɗin mayafinta da hannu biyu, ta ɗauke numfashi idan ya ɗauke. Tana yi tana mita, wai wake na kan wuta, wai ta auri mutum ta samu kanta a gidan gizo-gizo. Amma ban taɓa jin ranar da ta ƙi fita ba. Idan ta ce ya ɗauke ta hoto ita ma, sai ya ce hasken ya wuce, gobe. Idan shi ya tuna, sai ta ce ba da wannan ɗankwalin ba.

Najwa ta ba shi wa'adi zuwa ranar jirgi. Ya rufe shago ya sauke kwalaye, ni ma na je taya shi, ba don na huce ba. Muna ɗaga fim ɗaya bayan ɗaya a hasken taga. Ga ƙafar kudan zuma da garin fure, ga idon mazari, ga cikin jan furen nan na gonar alkama. A wasu akwai bakin babban yatsa mai lalle yana riƙe da kara. Duk wanda ya samu irin wannan sai ya ware shi gefe, har suka yi tsibi. Na ce masa to sai mu haɗa wa jikan yatsu, mu ce ga kakarka. Bai rama ba, shi da ba ya barin bashin magana ya kwana, sai na ji kunya na koma ɗaga fim.

Ana gobe jirgi, da hantsi, ya daɗe a kan wani fim da gilashin ƙara girma a ido. Tururuwa ce a kan karan fure, kusa da ita ɗigon raɓa. Ya ce raɓa tana ɗaukar duk abin da ke bayanta ta kifa shi, kuma a ranar Shadliyya ce a bayan. Ya shiga ɗakin wankin hoto bai ci abincin rana ba. Ni da Najwa muna zaune a kujerar masu jiran hoto, tana ta murza zoben uwarta.

Da ya fito takardar tana ɗiga. Tururuwar ta fito tas, har gashin ƙafarta ana ƙirgawa. A cikin ɗigon kuwa akwai wani abu shuɗi a kife, da hannu biyu a buɗe. Inda fuska ya kamata ta kasance, ɗan haske ne kawai.

"Baba, ba ta fito ba," in ji Najwa a hankali.

"A kan tururuwar na saita," ya ce. "Da na matsa gaba kaɗan, 'yata. Kaɗan ɗin nan."

Ta juya takardar, tururuwa ta koma ƙafa a sama, uwarta ta miƙe tsaye. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce haka za ta rataye shi, wanda ya ce hoton a kife yake ya yi ta faɗa. Washegari na raka ta Tunis da shi a cikin jaka, tsakanin kwalbar man zaitun da busasshen ɓaure.

Munji yana nan, ya tsufa. Har yanzu yana fita da asuba, sai dai yanzu kwali yake kafawa da duwatsu ya tare iska, kuma kwali ba ya sanin lokacin da iska ta juya. Ina kewarta, shi ma na san yana yi, amma ba mu cika faɗa ba. Kullum da la'asar muna shan gahawa tare, ina tsokanarsa yana ramawa.

Kwanan baya muna zaune, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Habib, kai ƙaninta ne. Tawadar Allah ɗin nan da ke kuncinta, a dama take ko a hagu?"

Na buɗe baki zan yi masa tsiya, in ce mai hoto guda. Sai na rufe ido in duba, na sa ta a dama ta zauna daidai, na mayar da ita hagu ta zauna daidai. Gahawarmu ta huce ina ta mayar da tawadar daga kunci zuwa kunci.