Gayaunar Wancan da Ragon Sango

Mun tashi daga Ajingi da asuba, ni da maƙwabcina mai fataucin albasa, shi yana rakiyar kayansa, ni ina rakiyar bakina da ba ya iya tambaya. Abin da ya fitar da ni shi ne gayaunar babban ɗana. Damina ta sha wucewa ba a kafa mata fartanya ba tun da ya tafi aikin kamfani a Sango Ota, can kudu kusa da Legas, ƙanena kuma ya matsa a ba shi ita. Na ce sai na ji ko mai ita zai dawo. To amma ɗan fari ne. Tun da aka haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, balle in zaunar da shi in ce nawa kake samu. Wancan nake ce masa, shi ma ya san shi ne wancan.

A Gaya muka sha koko da ƙosai, muka haye gadar Wudil, a Kano muka hau babbar mota a kan buhunan albasa. Daga Kaduna zuwa gaba na daina tambayar sunan gari, don kowanne aka faɗa min sai ya zube a ramin hanya na gaba. Abin da na riƙe shi ne, duk inda muka tsaya malmalar tuwo tana ƙanƙancewa, kuɗinta yana girma. Kafin mu isa na yi warin da ko akuya ba za ta raɓe ni ba.

Sango gari ne na hayaƙi da gaggawa. Da safe na ga motoci cike da mutane sun nufi Legas aiki, wasu motocin kuma cike da mutanen Legas sun taho Sango aiki. Na tambayi wani mai shayi me zai hana su yi musaya kowa ya zauna garinsu. Ya dube ni ya ƙara min sukari.

Wancan ya tarbe ni, ya durƙusa, ya karɓi jakata, muka gaisa kowa yana kallon takalminsa. Ɗakinsu bai kai rumbuna ba, kuma su da yawa ne a ciki, sai dai ba sa haɗuwa. Masu aikin rana suna tashi, masu aikin dare suna kwanciya, katifar ba ta taɓa hucewa ba. Na yi alwala yadda na saba, har da wanke ƙafa zuwa gwiwa, sai daga baya na ji jarkar ruwan sayenta ake yi. Bayan gida ma da kuɗi. Ni da na tsufa ina ba gona taki kyauta.

Tunda ba zan tambayi mai abu ba, sai na bi gefe. Karatuna bai wuce allo ba, allon ma malam ya gaji da ni, don haka na ce wa mai shayin ya yi min lissafi da dabba. Ya ce albashin sabon ma'aikaci a wata zai sayi matsakaicin rago. Na ji daɗi. Rago duk wata, ai ko mai unguwa sai haka. Na fara rabon gayaunar a zuciyata.

Sai wani ɗan Kademi da suke ɗaki ɗaya ya farka da azahar, na sa shi a gaba. Ya ce mai gida yana karɓar hayar shekara a dunƙule, dillali ma da nasa, wannan ya cinye cinyoyin ragon. Motar zuwa aiki ta ɗauki ƙirji. Abinci da ruwa da kuɗin wutar da ba ta zuwa sun kwashe kayan ciki. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, ba a rubuta maka kuɗin ranar ba. Na ce to me ya rage?

Ya ce, "Baba, ƙaho. Shi muke aikowa gida da Sallah."

Na ce to ku dawo mana. Ya ce a gida ai ragon ma babu. Nan kaina ya ƙulle. Mai shayi ya ce akwai samu, ɗan Kademi ya ce babu, kuma duk biyun ba su yi min kama da maƙaryata ba. Wancan kuwa kullum sai ya kawo min shinkafa da kifi ya ajiye ya fita, ban san ko daga cinya ya yanko ba ko daga ƙaho.

Ranar komawa ya rako mu tasha. Ina tsaye a gefensa, ya juya ga maƙwabcina ya ce, "Kawu, in kun isa a ce a ajiye min irin gyaɗa. Ba na ce na bar aikin ba, amma a ajiye."

Ni kuma na dubi tayar mota na ce mata, mai son iri ya zo kafin ruwan shuka, iri ba ya jiran albashi. Kwandasta ya tambayi maƙwabcina ko lafiyata ƙalau.

Mun iso Ajingi bayan la'asar, ƙanena yana zaune a ƙofar gidana. Ya ce Yaya, zai dawo? Na ce ban sani ba. Ya ce to nawa yake samu? Na ce rago, amma ba ya ganinsa. Ya ce Yaya, kudu ta taɓa ka. Na ce ta yiwu, amma gayauna dai kada ka kusance ta sai ruwa ya sauka mun ga wanda ya fito daga motar Gaya.

Abin da tafiyar ta koya min kaɗan ne. Na ƙetare ƙasar nan a kan albasa don tambaya ɗaya, na dawo ban yi ta ba. Gyaɗar dai na ware, tana cikin tukunya, na hana jikoki.