Hatimin Manoma a Takardar Makiyaya

Kwanan baya ƴata, wadda ke aikin kwamfuta a Damagaram, ta zo gida tana mita. Wai na'ura ɗaya ce ke aika saƙonnin imel na kamfanoni huɗu, kowanne da nasa adireshi. Idan kan saƙo ya ce daga wannan kamfani ya fito, shaidar da ke manne da shi kuma ta ce daga wancan, sai na'urar da ke karɓa ta ture shi gefe. Na ce mata na san wannan ciwo. Ta dube ni yadda ake duban tsohon da bai iya buɗe wayarsa ba. Gaskiya ne ban iya ba. Amma ni ma na taɓa zama na'urar.

A farkon shekarun tamanin ina sakatare a Tanut. Ƙungiyoyi uku nake yi wa aiki: ta manoman gero, ta makiyaya, da ta mahauta. Ɗaki ɗaya, keken rubutu ɗaya, akwatin gidan waya ɗaya, mabuɗinsa a aljihuna. Abin da ke raba wasiƙar wannan da ta wancan uku ne: sunan ƙungiya a saman takarda, hatimi a ƙasa, da sunan shugaba a bayan ambulan, domin idan wasiƙa ta dawo a san mai ita.

Ina da tsari, kuma ina alfahari da shi. Hatiman uku suna cikin gwangwanin madara, na ce da taɓawa kawai nake gane kowanne. Ambulan na rubuta bayansu tun da wuri, na kasa su kashi uku. Dokata ita ce, hatimin da ke hannuna shi ke nuna ambulan ɗin da zan ɗauka.

Ƙarshen bazara Ardo, shugaban makiyaya, ya shigo. An ji labarin ciwon huhu a wasu garkuna, yana so likitocin dabbobi su zo wata rijiya kusa da Belbeji su yi rigakafi kafin ruwa ya sauka. Da ruwa ya sauka shanu za su watse arewa, ba mai sake tara su sai kaka.

Na buga masa wasiƙa zuwa Damagaram da Faransancin da ni kaina na tsaya na sake karantawa don daɗi. Ya sa hannu da ajami. Ina cikin yi masa bayanin kyawun jimlar ƙarshe na zura hannu a gwangwani, ban duba ba, na buga. Hatimin manoma ne, mai zanen zangarniya. Daga nan doka ta yi aikinta: hatimin manoma, ambulan ɗin manoma.

Kowace ranar kasuwa Ardo na leƙowa.

"Malam sakatare, amsa fa?"

"Baba Ardo, ai ka san mutanen Damagaram. Sai haƙuri."

Na faɗi haka sau uku, da muryar wanda ya san yadda mulki ke tafiya.

Ashe wasiƙar ta dawo tun sati na farko. Ni na ciro ta daga akwati. Na ga sunan Alhaji, shugaban manoma, na kai masa ita a rufe, saboda ina da wata dokar: ba na buɗe abin da ba nawa ba.

Alhaji Babarbare ne, tsakaninsa da Ardo kuwa akwai wasan nan na Barebari da Fulani. Ba ya karanta boko, amma ya gane zangarniyarsa, ya kuma karanta sa hannun Ardo. Sai ya ninke takardar ya sa a aljihu, yana jiran ranar da taro zai fi yawa.

Ranar ta zo a ƙofar ɗakina, mahauta biyu na zaune. Alhaji ya zaro takarda ya ɗaga.

"Jama'a ku zo ku ga sata! Bafillace ya gaji da satar karan gona, ya koma satar hatimi."

"Me bawa ya mallaka da za a sata?" in ji Ardo. "Kai da hatiminka duk nawa ne."

"To ka durƙusa ka ce ubangijina, in ba ka takardarka."

Aka yi dariya, har da ni. Alhaji ya miƙo mini.

"Karanta mana, malam. Me suka rubuta da ja?"

Na karanta a zuci tukuna. Layi ɗaya ne: sunan da ke sama bai dace da hatimin da ke ƙasa ba, a gyara a sake aikowa. Na nemi hanyar da zan fassara shi ba tare da na fito a ciki ba. Babu. Na fassara.

"Takardar allurar ce?" Ardo ya tambaya.

"Ita ce, Baba."

Ardo ya miƙe. Ya fita daga inuwar rumfa ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa tun shekaranjiya. Alhaji ya cire hularsa ya sake mayarwa.

"Sati uku tana aljihuna," ya ce. "Da na sani, wallahi."

"Da ka san karatu, da ba bawa ba ne kai," Ardo ya ce, amma ba wanda ya yi dariya.

Washegari Alhaji ya sa ni a babbar motar da ke kai geronsa Damagaram. Na yi tafiyar a kan buhuna, sabuwar wasiƙa a ƙirjina. Ma'aikacin da ya karɓa ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya tambayi wane ne ya buga ta farkon. Na ce sakataren ƙungiyar ne. Ya ce in gaya masa ya riƙa buɗe ido. Na ce zan gaya masa.

Likitoci sun zo bayan ruwan farko. Garkuna da yawa sun riga sun tashi ba allura. Ardo ya tsare nasa da na danginsa a bakin rijiya, babu ciyawa, har ƙashin haƙarƙarinsu ya fito, su aka yi wa allurar. Na sauran ban taɓa tambaya ba, shi ma bai ba ni labari ba.

Da ya dawo Tanut bai yi mini faɗa ba. Ya zazzage gwangwanin a kan tebur, ya ɗauki hatiminsa, ya ɗaure a bakin rawani. Daga ranar, ni ke buga wasiƙa, shi ke buga hatimi. Kullum a kife yake buga shi. Na so in gyara masa sau ɗaya, ya ɗago ya dube ni, na fasa. Har na bar Tanut, ba wasiƙarsa ko ɗaya da ta dawo.