Saƙin Inna da Robobi Biyu

Mun tashi da asuba daga Azare, ni da wata maƙwabciyata, muka nufi Bauchi neman zanen saƙi. 'Yata ce za ta yi aure, ta kafe wai ranar kamu shigar kakanni za ta yi, saƙin hannu irin na da, ba na kanti ba. Yaran yanzu kenan, abin da muka gudu shi suke nema.

Mu huɗu aka cusa a bayan mota, ga buhun albasa ƙarƙashin ƙafata. A Darazo muka ci ƙosai mai zafi. A Soro maƙwabciyata ta tsaya cinikin fura da nono har direba ya fara masifa. Wajen ƙarfe goma muka shiga gari.

Keke ya kai mu GRA, wani shago mai gilashi da sanyi kamar cikin randa. Na taɓa wani saƙi, gefensa har ya koɗe. Matar shagon ta ce dubu ɗari da ashirin.

"Wannan tsohon?" in ji ni.

"Hajiya, ai tsufan ake saya."

Muka fito sumui-sumui. A Gwallaga wani dattijo mai tsofaffin kaya ya ce tamanin, ko kwabo ba ragi. Na tambaye shi inda yake samo su. Ya ce wajen masu yawo gida-gida suna musayar roba da tsofaffin tufafi, wai mata ba su san abin da ke cikin akwatinsu ba.

Wallahi nan take na tuna da nawa. Bayan rasuwar Innarmu an raba mana kayanta, ni da ƙanwata, kowa saƙi uku. Nawa ko wata ba su yi ba na miƙa wa mai musaya, ya ba ni robobin wanki biyu, har ina ganin na ƙware shi. Ita kuwa ta ninke nata ta adana, na yi ta mata dariya ina kiranta tsohuwa.

Ba don raina ya so ba muka wuce gidan ƙanwar tawa a Ƙofar Wambai. Ta kawo mana masa da miyar taushe, masar Bauchi fa. Da ta ji abin da ya kawo mu, sai ta buɗe akwatin ƙarfe, ƙamshin turaren Inna ya cika ɗakin. Ga su nan ukun, ko zare bai fita ba. Wai masu shago sun zo sau biyu ta sallame su. Ba zan ɓoye ba, hassada ce ta turnuƙe ni. Yarinyar da na goya a bayana, yau ita ce mai Inna, ni ce mai roba!

"Yaya, ɗauki wanda kike so," ta ce. "Amma bayan biki a dawo min da shi, na 'ya'yana ne."

Da gori ta yi min da ya fi sauƙi. Na yi godiya da baki, zuciya kuwa Allah ya yafe min.

Da la'asar muka juyo, zanen a cinyata, ban yarda an sa shi a but ba. Abin da tafiyar nan ta koya min, kada ki yi saurin rabuwa da abin da uwa ta bari, don ba a saƙa wani.

Muna isa gida 'yata ta kifa fuska a zanen, ta daɗe tana shaƙa. Sai ta ɗago.

"Umma, ke ina naki?"

Na ce ta tashi ta ba kaji ruwa. A robar da ta rage suke sha, ɗayar tuni ta fashe.