Sunan da Yaya Lawal Ya Hana a Kira

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Lawal makwancinsa a Zango. Wana ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma da geronsa da gyaɗarsa na yi karatu har jami'a. Abin da ya tado mini da shi a wannan makon shi ne muhawarar da ta cika rediyo kan gyaran inshorar lafiya. An ce za a faɗaɗa ta ta kai ga manoma da 'yan kasuwa, amma sai an ƙara abin da ake cira a albashin ma'aikata. Abokan aikina sun ce ba za ta saɓu ba. Ni dai ban san ta bakin da zan ƙi ba.

Lokacin da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ina da katin inshora. Na kai shi asibiti a Daura ina zaton katin zai ɗauke mana wani abu. Ma'aikacin ya bayyana mini cikin ladabi cewa katin na mutum ne da matarsa da 'ya'ya huɗu, wan mutum ba ya cikin iyali. Da na gaya wa Yaya, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"To Isuhu, ashe a boko ni bare ne a gidanka. Da na sani, ai da na sa an rubuta ni ɗanka."

A garinmu, in jinya ta fi ƙarfin gida, hanya ɗaya ce ta rage. Bayan sallar Juma'a ladan zai ɗauki lasifika ya ambaci majinyaci da unguwarsu, a shimfiɗa darduma a ƙofar masallaci, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Yaya ya sha jefawa domin wasu. Da aka zo kansa, ya ƙi. Ya ce wanda aka yi shelarsa, ko ya warke, ba a ƙara neman shawararsa, sai dai a riƙa yi masa sannu har ya mutu. Ya sayar da shanun huɗa, ya bi da gonar fadama. Wankin ƙoda ya haɗiye su, ya haɗa da albashina. Bai ga kakar shekarar ba.

Yana cikin waɗanda suka yi murna da zuwan Shari'a, don ya ɗauka zakka za ta riƙa samun majinyaci a ɗakinsa tun bai buɗe baki ba. Da zai leƙo yau, zai tarar malamai na nan kan jayayyar ko inshora caca ce ko taimakekeniya, 'yan majalisa na lissafin wa zai biya, mu masu kati kuma muna tsaron albashinmu. An bar jaki ana dukan taiki. Ban ce tsoron ma'aikata ba shi da tushe ba. Mun sha ganin an cire, a je asibiti a ce babu magani. Sai dai ina tambayar kaina: wa ya biya mini karatun da ya ba ni katin nan, in ba mutumin da katin ya ƙi ba?

Yanzu ciwon suga ya ci ƙafar matarsa, Yaya Binta, kuma babu sauran gonar sayarwa. Babban ɗansu Kabiru ya same ni yana sunkuyar da kai.

"Baffa, mu jira wannan gyaran da ake faɗa, ko mu kai sunan Inna masallaci?"

Na ce ya kai. Ƙafa ba ta jiran majalisa.

Me ya rage na Yaya? Shanu sun tafi, gona ta tafi, amma na daɗe ina lallashin kaina cewa mutuncin da ya saya da ransa yana nan. Juma'ar da ta wuce ina cikin sahu ladan ya kira sunan Binta. Ganin jama'a ba su gane ta ba, sai ya gyara murya ya ƙara: "Matar marigayi Lawal." Nan take mutane suka fara laluben aljihu.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ka yafe mana.