Injin da Labbo Ya Rantse Ba Zai Taɓa Ba

Labbo ɗan goggota ne, wato taubashina, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne, ko ya ji ba shi da wurin kai ƙara. A Gulma yake zaune. Da damina shinkafa, da rani albasa a fadama, sauran lokacin kuma yana tsugune a gindin darbejiyar ƙofar gidansa da sifana a hannu, yana lalata wani abu don ya gyara wani.

Ba sharri nake yi masa ba, haka salon aikinsa yake. Labbo bai yarda akwai abin da ya mutu a duniyar nan ba, sai dai abin da ya rasa ɗan wani abu, kuma wannan ɗan wani abin yana nan cikin gida, jikin wani abin da yake aikinsa lafiya lau. Tun muna yara ya fara. Ya zare waya daga ƙafar keken mahaifinsa ya lanƙwasa ta ya yi ƙugiya, ya je gulbi ya dawo da tarwaɗa. Tsohon ya sa aka dafa, ya ci ya ƙoshi, ya wanke hannu, sannan ya nemo bulala.

Girma bai rage komai ba, sai ma kayan aiki da ya ƙara masa. Ƙyauren makewayin gidansa da igiya yake tsaye, don ƙarfen da ke riƙe da shi ya koma akurkin kaji. Akurkin kuwa, Allah ya sani, ya yi kyau. Rediyonsa yana magana tar, amma sai ka ɗora masa cokali a ka. Akwai wani baro da yake kai taki da shi gona, ƙafarsa ta tsohon babur ce, hannunsa ɗaya ƙotar fartanya, ɗayan kuma ƙafar gadon da aka kai matarsa Kulsumi da shi ɗakin aure. Na taɓa kwana a kan gadon nan, da bulo aka tallafe shi.

In za a yi adalci, abubuwan suna aiki. Shi ya sa maƙwabta suke kawo masa tocila da famfon feshi da kwaɗon da ya ƙi buɗuwa. Sai dai babu mai ajiyewa ya tafi. Mutum zai tsaya a kansa har ya gama, yana bin hannunsa da ido, don in ka juya baya tocilarka za ta kama, amma ta dawo ba murfi. Zancen bakanike kuwa kada ma ka yi masa. A wurin Labbo, namiji ya ɗauki kayansa ya kai wa wani ƙato a Argungu ya gyara masa, wannan abin a rufe fuska ne.

Kulsumi matarsa ita ce ta fi kowa shan wahalar wannan baiwa, kuma ba ta shanye ta a ciki. Bakinta yana da kaifi, ni ma da nake ji da kaina ina shakkarsa. Ba ta taɓa kiran aikinsa gyara ba, sai dai ɓarnar Malam. In baƙuwa ta zo za ta ce, "Riƙe takalminki hannu, ɗiyata, yanzu a yanka shi a toshe bokiti." Labbo ya yi murmushi ya ci gaba da abin da yake yi. Shekara da shekaru ban taɓa jin ta yabe shi da kalma ɗaya ba, ko da wasa.

Da ta sayar da awakinta ta sayi injin markaɗe, ranar da aka sauke shi a tsakar gida ba ta bari an tayar da shi ba sai da ta sa aka kira goggo da wanta Munzali. A gabansu ta sa Labbo ya rantse cewa hannunsa ba zai taɓa injin nan ba, ko da ƙusa ɗaya ce. Ya rantse. Amma ina wurin, na ga irin kallon da yake yi wa injin, kallon kyanwa ga kifin da aka shanya. Abin mamaki kuma ya riƙe rantsuwar. Zai wuce ta gefensa ya kau da kai, hannuwansa a cikin aljihu. Injin ya zama abu ɗaya tilo a gidan da yake da cikakkun gaɓoɓinsa, matan unguwa kuma suna layi da kwanonin wake da tattasai.

Ranin da ya wuce na baro Nassarawa na tafi Gulma sunan jikar wata maƙwabciyarsu. Na tarar da Labbo ba yadda na san shi ba. Ban ji ya kira ni kuyangarsa ba kamar yadda ya saba, gaisuwar ma da ƙyar ya amsa. Ashe bai daɗe da gama dashen albasa ba, sai injin ban-ruwansa ya fara tari yana mutuwa, daga baya ya yi shiru gaba ɗaya. Ya kwance, ya busa, ya wanke da fetur, ya mayar, ya ja igiya har kafaɗarsa ta sage. Lokacin kowa nasa dashen yake shayarwa, babu mai injin da zai ba da aro. Rana kuma ta fadama ba ta san uzuri ba. Ganyen ya riga ya fara kwanciya, in aka ƙara wuni babu ruwa dashen ya tafi, kuma babu sauran iri a ko'ina. Noman ranin shekarar ke nan gaba ɗaya.

Da safe Kulsumi ta lulluɓe injinta da buhu, ta yafa mayafi ta tafi gidan suna taya girki. Ina shirin bin ta, sai Labbo ya yafuto ni.

"Riskuwa, zo ki ji. Kahireta ta am matsalar. Ta injin ga nata kuwa iri guda ta da tawa."

Kafireta ita ce 'yar na'urar da ke haɗa fetur da iska ta ba inji, ba ta fi dunƙulen hannu ba. Na ce, "To, mi kaka nuhi?"

"Ki tsaya man bakin zaure. In hidda ta, in kai gona in shayar da albasa, kahin a watse suna na maido ta. Ba wanda za shi sani."

"Rantsuwar hwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na yi kahhwara. Albasar ga in ta mutu, mi za mu ci?"

Tausayinsa ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi tausayin ƙarfi shi ne daɗin abin da zan samu na tsokanarsa har ƙarshen rayuwarmu. Na ce ya je, ina gadi.

Gadin bai yi nisa ba. Na ji ƙarar sifana kaɗan, daga nan shiru, shirun ya yi yawa. Na leƙo, sai na ga Labbo a durƙushe gaban injin, ya kwantar da kai yana leƙen ƙarƙashin kafiretar, bakinsa a buɗe. Na baro zauren na zo.

"Dubi nan," in ji shi.

A gindin kafiretar akwai wani ɗan tudu mai ƙaiƙayi, baƙi-baƙi. Na ce ban ga komai ba sai datti.

"Ba datti ba na. Sufa gulu na da yashin gulbi. Ni nil liƙe hujin ga da hannuna, damana wadda taw wuce. Riskuwa, wagga kahiretata ta. Shi as sa nika ta juya waccan ina jin awa ba tawa ba."

Na ɗan jima kafin abin ya shiga kaina, da ya shiga kuwa sai da na zauna a kan turmi saboda dariya. Labbo yakan kawo injin ban-ruwansa gida kullum don gudun ɓarayi, ya ajiye shi a bayan ɗaki. Ɓarauniyar tana cikin ɗakin. Tata ce ta lalace, ta kwance tasa ta ɗaura wa injinta, ta mayar masa da matacciyar, ta ci gaba da markaɗenta.

Shi bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Yatsa ya sa yana shafa aikin. "Dubi yadda taɗ ɗaure notin ga, bai yi sako-sako ba, bai kuma cije ba. Dubi robar da tan naɗe tiyo da ita. Haka nika naɗi, in soke bakin ta ƙasa. Wa ak koya mata?"

"Ina an ka ce ka rantse?"

Muryar Kulsumi ce daga bakin zauren da na bari ba kowa. Ludayi ta dawo ɗauka. Ta dube shi, ta dubi sifanar, ta dube ni. Na miƙe daga kan turmin na fara gyara ɗankwali kamar ba da ni ake ba.

Labbo ya miƙe a hankali. "Na rantse. Amma wagga ta wa ta?"

Ko gezau ba ta yi ba. "Taka ta. Ni ai ban rantse ma kowa ba. Mata sun cika man gida da wake, inji ya ƙi tashi, in kore su?"

"Albasata hwa, Kulsumi? Tana can tana mutuwa."

Nan ne fuskarta ta sauya. Ta saki ludayin da ta ɗauko, ta dube shi da mamaki na gaskiya, ba na wasa ba.

"Mutuwa? Ba ka gyara ba? Malam, kai da ba abin da ka gagararka? Wallahi na aza kahin azahar ta ranar ka tashe shi. Shi as sa ban ko damu ba."

Na daɗe da sanin mutanen nan biyu, ban taɓa ganin Labbo ya rasa inda zai sa idonsa ba sai ranar. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana kiran aikinsa ɓarna, ashe a zuciyarta ba ta taɓa tunanin akwai ƙarfen da zai fi ƙarfinsa ba. Dariyar da ke bakina ta tsaya.

Kulsumi ta miƙa hannu. "Kawo sifanar in hidda maka abinka."

Ya ɓoye sifanar a bayansa. "A'a, bar ta nan. Ai na kusa. Ɗan abu kaɗan na yar rage."

Ƙarya yake yi, na sani, don da bakinsa ya gaya mini cikin waccan kafiretar ya cinye, ba ta da sauran magani. Ya rufe injinta da buhun kamar yadda ya same shi. Ta ɗauki ludayinta ta koma gidan suna, tana waiwayensa. Tana fita ya tura babur waje, ya ce in hau.

Argungu muka nufa. A bakin layin masu kayan inji ya tsaya nesa, ya ja hularsa har gira, ya zaro matacciyar kafiretar daga aljihu ya miƙo mini. Wai in shiga in ce tawa ce. Na ce ban san zancen ba, wanda ya ɗauko rawa shi zai taka. Ya tsaya yana kallon shagon kamar wanda za a yi wa allura, sannan ya shiga da ƙafarsa. Mai shagon ya san shi, har da tashi tsaye yana murza ido. Labbo ya sha tsiya iri-iri a wurinsa, ya karɓi sabuwa dal ya fito.

A gona, inda ya baro mataccen injin, ya ɗaura ta. Kafin ya ja igiya sai ya debo baƙin mai da ƙasa ya mulke ta tas, har sai da ƙyallin ya ɓace ta koma kamar wadda aka tono daga juji. Ja ɗaya injin ya ɗauka. Ruwa ya bi kwalbatin ƙasa ya shiga fangalin albasar, muka tsaya muna kallo. Na can ƙarshe, inda rana ta fi duka, sun riga sun ƙone, amma mafi yawa sun rayu. Ya sa na yi alkawari ba zan gaya wa Kulsumi ba, kuma har yau ban gaya mata ba.

Da la'asar muka dawo da injin ɗaure a bayan babur, yana ɗigar ruwa. Matan suna sun biyo Kulsumi gida suna hutawa a tsakar gida. Tana ganinsa ta miƙe.

"Ya tashi?"

"Ya tashi."

Ta juya ga matan, da murya yadda har na bayan katanga za su ji. "Kun gani? Matacciya nib bar mai, wadda ko bakanike ba shi kallo. Kaf Gulma ba mai hannun Malam."

Labbo ya tsuguna yana kwance igiyar da ya ɗaure injin, kansa a ƙasa. Ƙulli ɗaya ne, irin wanda yake warwarewa ido rufe, amma ya daɗe a kansa bai ɗago ba.