Hannun da Farar Ƙasa Ta Cinye

Kafin 'yan ofis su gama kurɓar shayi, Baba Fari ya riga ya hau saman tankin gidan ruwa, ya naɗe hannun riga. Ba wani haske ne da shi ba, ƙurar farar ƙasa ce ta raɗa masa sunan.

Ruwan garinmu mai nauyi ne. Sabulu ba ya kumfa a cikinsa, buta kuwa sai ta yi farin ɓawo kamar an shafe ta da alli. A gidan ruwa ana zuba masa farar ƙasa da yashi, sai allin da ya narke a ruwan ya riƙa daskarewa a jikin ƙwayoyin yashin, har su zama fararen tsakuwoyi. In suka yi girma ba a kwashe ba, tanki ya toshe, gari ya shiga ƙishi. Sanin lokacin kwashewa shi ne aikin Baba.

Da yatsu yake ganewa. Ya cusa hannu, ya ɗebo, ya murza. Abokan aikinsa sun ce an sha ba shi safar roba yana tuɓewa, wai da safa ba ya jin girman ƙwaya. Su ma haka suke yi, domin a haka suka tarar da aikin. Shekarar da injin kwashewa ya mutu, wani direban tanka ya gan shi tsundum cikin ruwan farar ƙasa, da shebur a hannu, kullum har aka gyara. Famfonmu bai ɗauke ba. Mu kuwa ko sannu, kuma wannan yana ba ni kunya.

Farar ƙasa ba ta da tausayi. Ta tsattsaga masa fata, ta share zanen yatsunsa, har na'urar dangwala yatsa ta bakin ƙofa ta daina gane shi, maigadi ke buɗe masa yana tsokanarsa da baƙo. Likita ya ce jin taɓawa da ya tafi daga hannunsa ba zai dawo ba.

Makon da ya yi ritaya na je gaishe shi. Matarsa ta ajiye masa bokitin wanka, ya tsoma hannu, ya daɗe, sannan ya dube ta.

"Taɓa mini. Da zafi ko babu?"

Tururi na tashi. Ta fizge hannunsa, ta juya mana baya tana goge ido.

Kai ne, Baba, mai tausasa ruwan gari. Kai ka sa wankin uwayenmu ya fita, jariranmu suka yi wanka ba ƙaiƙayi. Mun gode, Allah ya saka maka, ko da yake godiyar ta zo a makare.

Ku da kuka gaje shi a saman tankin, ku ɗauki amanarsa, amma don Allah ku bar safarku a hannu. Mu kuma in sabulu ya yi kumfa a tafinmu, mu tuna akwai mutumin da ya ba mu wannan ruwan, shi kuwa ba ya jin sa.